Azumin Gawo

A garinmu shari'a uku ce, kowace da ƙofarta. Akwai ta gargajiya, a zauren mai unguwa, inda ake fara tambayar wane ne kakanka kafin a tambayi abin da ya kawo ka. Akwai ta malamai, inda magana ke ƙarewa da dafa Alƙur'ani. Akwai kuma wadda Faransawa suka bar mana, mai tambari da dogayen kujeru, wadda ake shiga da baƙin gashi a fito da furfura. Mai hankali zai ce uku sun ishi gari kamar Dakoro. Ni ne na ga ba su isa ba, na ɗauko ta huɗu tun daga wani tsibiri da ake kira Irlandi, na dire ta a ƙofar gidan ƙanin mahaifina.

Yadda na haɗu da ita ba abin alfahari ba ne. A shekarata ta ƙarshe ta karatun shari'a a Yamai, ranar da ake raba wa ɗalibai batun da kowa zai yi rubutun kammalawa a kansa, motar da na shigo daga gida ta lalace a hanya, muka kwana biyu a gindin wata aduwa. Ko da na isa an kwashe duk batutuwan da ke kai mutum ga aiki, dokar kasuwanci, dokar filaye, dokar ma'adinai. Abin da ya rage a ƙasan takardar malaminmu shi ne tsohuwar shari'ar mutanen Irlandi, wadda su kansu masu ita suka bar aiki da ita tun ɗaruruwan shekaru, lokacin da Ingilishi suka danne su suka shimfiɗa tasu. Na karɓa ina zumɓura baki. Bayan wata uku ba ni da zance sai nata.

Ai dole ta shiga raina. Mutanen makiyaya ne manoma kamar mu, arzikinsu shanu. Alƙalansu gadon gida suke yi, da ka suke haddace doka kamar yadda ake haddace waƙa. Ba su da kurkuku, ba su da jandarma, kowane laifi diyya ce ke wanke shi. Har ƙudan zuma sun yi wa doka, idan zumar wani ta je kiwo a furen maƙwabci, maƙwabcin yana da rabonsa a saƙa. Itatuwa kuwa daraja-daraja suka raba su, akwai sarakunan daji, akwai talakawan daji. Wanda ya sare reshen sarki ya ba da maraƙa, wanda ya kayar da shi daga gindi ya ba da saniya mai tatsa. Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne dabarar da suka tanadar wa mara ƙarfi. Idan babban mutum ya zalunce ka, ba ka da yadda za ka yi da shi, sai ka je ƙofar gidansa ka zauna ka ƙi cin abinci. Daga nan shi ma abinci ya haramta gare shi har sai ya yarda a yi gaskiya. In ya yi taurin kai ya ci, laifinsa ya ninka, mutuncinsa ya zube, ba wanda zai ƙara sauraron ƙararsa.

Na dawo gida da takardar shaida da kundin rubutuna mai baƙin bango. Aiki bai zo ba. Shekara uku ina zaune a fada, inuwar nan da ake dafa shayi ana gyara duniya da baki, ina ba abokaina labarin alƙalan Irlandi har suka fara tuna suna da uzuri in na gyara murya. Mutanen gari suka laƙaba mini Metir, sunan da ake kiran lauyoyi da shi, kuma ban taɓa jin wanda ya faɗe shi ba tare da murmushi a gefen baki ba.

Gonarmu tana kan hanyar Mai Yara, jikin ta ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baba ƙarami. Da gona ɗaya ce ta kakanmu, aka raba ta biyu, aka dasa layin gamba a tsakani, don a nan gamba ce iyaka. A ɓangarenmu, kamar taku bakwai daga gambar, akwai gawo. Mahaifina ya tarar da shi yana ɗan tsiro, ya kauce masa da hauya, ya riƙa yi masa aski kowace shekara har ya zama itacen da ake kwatance da shi. Wanda ya san gawo ya san abin da nake nufi. Da damina yana zubar da ganye ya bar wa hatsi rana, geron gindinsa ya fi na ko'ina kai. Da rani kuwa, lokacin da daji ya ƙone, shi yake kore, yana zubo 'ya'yan da awakin mahaifiyata ke rayuwa a kansu har ruwa ya sauka. A lissafin mutanen Irlandi da sarki ne. A lissafin Inna kuwa shi ne abin da mijinta ya bari a tsaye.

Shekarar da mahaifina ya rasu gamba ta fara tafiya. Ciyawa ce, ba ta da ƙafa, amma kowace damina, idan hatsi ya yi tsawo ya rufe gona, sai ta matso taku ɗaya wajenmu. Inna ta yi magana. To, ƙanin miji abokin wasa ne, kuma Baba ƙarami ya san amfanin wannan fiye da kowa. Ɗan kasuwar wake ne da bisashe, ya je Makka sau biyu, yana da tumbi da dariyar da ake ji daga bakin kasuwa.

"Haba Yaya," yakan ce mata, "ciyawa ce hwa, iska ka kai ta inda ta so. In gonar duka ki ka so, ki aure ni mu haɗe su."

A yi dariya, magana ta bi iska. A damina ta bakwai gamba ta tsallake gawon.

Ni ne ɗan farin Inna, kuma sai na faɗi abin da wannan ke nufi a gidanmu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta duban idona, ba ta yaba mini, ba ta tambayata lafiya a gaban mutane. In tana da saƙo gare ni, bango take gaya wa, ko akuya. "A hwaɗa ma wancan tuwo ya huce." Ƙannena mata, da aure ya kai ɗaya Sabon Maci ɗaya Tagriss, su ake runguma a yi kuka in sun zo. Ni kunya ce rabona. Na san al'ada ce, na ma taɓa rubuta jarrabawa a kan irinta, amma can cikin raina na ɗauka Inna ba ta damu da ni sosai ba. Mu biyu kaɗai muke zaune a gidan.

Wata ranar bazara ta fita da buhu tsintar 'ya'yan gawo, ta dawo da shi a naɗe a hammata. Ta tsaya gaban awakinta ta ce musu mai gona ya ce gawo nasa ne yanzu, sai su koyi cin yashi. Na ga yadda ta daɗe tana ninke buhun da babu komai a ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas. Idan ruwan shuka ya sauka, Baba ya shuka gindin gawon da hannunsa, ya nome, ya girbe kowa yana gani, magana ta mutu ke nan.

Na jera mata ƙofofi ukun nan. Mai unguwa surukin Baba ne, wannan ba ta ma amsa ba. Da na ce malamai, sai ta girgiza kai tana duban turmi.

"Za shi dahwa Alƙur'ani, na san shi. In ya dahwa wani abu ya same shi, mi za ni ce ma yayanshi ran gobe?"

Da na ce gidan shari'a, ta ce gawon zai tsufa ya faɗi kafin a gama buga tambari. Sai na miƙe tsaye, na gyara murya, na bayyana mata ƙofa ta huɗu tun daga shanu har zuwa ƙudan zuma. Tana tsince wake har na gama.

"Mutanen nan na wancan," ta ce wa faifai, "su ma ƙohwar dangi su ka zama da yunwa?"

Na ce ƙwarai kuwa.

"To, Allah shi kyauta."

Na ɗauki wannan a matsayin izini. Ranar Alhamis da hantsi na sa kwat ɗin da na kare rubutuna da ita, a zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa, na ɗauki tabarma da buta da kundina, na shimfiɗa a ƙofar zauren Baba ƙarami. Ya fito yana saɓa babbar riga.

"A'a, Metir! Lahiya? Shigo ciki mana."

Na ce ba shiga na zo yi ba. Na buɗe kundin, na ɗaga murya yadda masu wucewa za su ji, na sanar da shi cewa daga wannan lokaci na ɗaura masa yunwa, ba zan ci ba, shi ma bai halatta ya ci ba, har sai gamba ta koma inda kakanmu ya dasa ta. Mutane suka fara tsayawa. Wani mai amalanke ya ja jakinsa gefe don kada ya rasa komai.

Baba bai yi fushi ba. Ya sa aka kawo masa kujera, ya zauna, ya ce in karanto masa dokar duka daga farko, a hankali. Mutumin da bai taɓa taka makarantar lakkol ba, amma ya yi shekara talatin yana cinikin raƙuma da Buzaye, ya saurare ni kamar mai duba haƙoran dabba.

"To, na ji. Yau wace rana?"

"Alhamis."

"Ni da ka azumin Litinin da Alhamis tun ba a yi auren uwarka ba? Ai ka same ni da azumi a baki, ɗana. Sai mu yi tare, lada ta ƙaru."

Aka kwashe da dariya. A duk shekarar da na yi ina rubutu, ko sau ɗaya bai faɗo mini ba cewa zan kai wannan makami garin da kowane tsoho ke yin wata guda cur ba ci ba sha a tsakiyar zafi, ya kuma ƙara da nafila don marmari. Na zo in tsorata manomin Dakoro da rashin abincin rana.

"In kuma na ci hwa?" Baba ya tambaya. "Wa ka zuwa shi kama ni?"

Na ce ba mai kama shi, mutuncinsa ne zai zube.

Ya waiwaya dama da hagu yana neman inda zai zube. Daidai lokacin wasu mutum biyu suka durƙusa suka gaishe shi, ɗaya yana neman a ba shi irin wake.

Bayan azahar liman ya zo, don labari ya kai masallaci. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya tsuguna ya dubi butar da nake kurɓa, don dokar ba ta hana ruwa ba.

"Ɗana, an ce azumi ka ka yi."

Na ce wani iri ne.

"Da buta a baki? To da wace niyya ka ɗauke shi?"

Na ce da niyyar gawo.

Ya ce ya karanta azumin farilla, da na nafila, da na kaffara, da na bakance, bai taɓa cin karo da na itace ba, amma ilimi da faɗi yake. Ya yi mini addu'ar samun lafiya, irin wadda ake yi wa wanda aka fara ɗaurewa, ya tafi.

Da aka kira magariba Baba ya sa aka shimfiɗa masa buzu taku biyu daga tabarmata. Aka jera dabino, kunun tsamiya, ƙosai mai zafi, da tuwon gero miyar kuka da man shanu yana narkewa a kai. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ce mini bisimilla sau uku kamar yadda ladabi ya tanada. Na buɗe kundina na sanar da jama'a cewa laifinsa ya ninka.

"Ninka shi, Metir," ya ce da ƙosai a baki. "In ya kai goma ka hwaɗa mini."

Ban taɓa jin ƙamshin man shanu kamar na ranar ba.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa rubutawa ba. Da mutane suka tafi sallar isha'i, Hajiya matar Baba ta leƙo daga zaure. Mace ce mai jiki da saurin hawaye, ita ta yi mini wankan jariri.

"Ɗana, taho ka yi alwala daga ciki, ka bar zubda ruwa bakin hanya."

Na shiga. A lungun zaure, bayan buhunan wake, ga ƙwarya an rufe da faifai. Fura ce, damun nonon shanu, har da ɗan yaji-yajin citta.

"Ni ban san dokar Nasara ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma ba a kwana da yunwa ƙohwar gidana a ce ina da rai. Ka rufa mini asiri."

Na tsaya na yi shawara da ilimina. Shekara biyar na karatun shari'a ba su tafi a banza ba, nan take na gano cewa alƙalan Irlandi ba su san fura ba, abin da doka ba ta ambata ba kuwa ba ta hana shi ba. Kuma ai taimakon Hajiya zan yi. Na shanye ƙwaryar tas, na goge baki, na koma tabarmata na kwanta ina nishi irin na wanda ke shan wuya.

Ranar Juma'a kasuwata ta buɗe. Bayan an sauko daga masallaci aka yi mini da'ira. Masu cewa karatu ne ya taɓa ni sun fi yawa, amma an samu masu cewa yaron nan yana da zuciya, kuma kowa ya san gambar Alhaji tana tafiya. Wannan ya yi mini daɗi. Na rage murya, na lumshe ido, na riƙa jingina da bango. Wata tsohuwa ta ajiye mini goro tana share hawaye. Baba ya ci abincin rana a gabana, ya ci na dare, na ninka masa laifi har na rasa lissafi. Alwala kuwa na shiga yi sau biyu a ranar, ta biyun har da ɗan dambu.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Duk garin ya zo kallona, ban da Inna. Gidanmu ba shi da nisa, lungu uku ne. Na riƙa duban bakin lungun ina cewa ko leƙe ai ta yi, ko ta aiko a ce wa wancan ya taso. Shiru. Na ce a raina, ka gani, kana nan kana mutuwa a kan itacenta, ita tana can tana ba awaki labari. Da cikina cike da furar mutane nake wannan ƙorafi, kuma da gaske nake jin haushin.

Ranar Asabar bayan la'asar Hajiya ta yafa mayafi ta fita. Ta gaya mini za ta je ta roƙi Inna ta zo ta ɗauke ni, don ita ta gaji da abin faɗa. Ba ta daɗe ba sai ga ta tana dawowa da sauri, mayafin a hannu. Ta wuce ni ko kallo babu, ta faɗa cikin gida. Na ji muryarta tun daga zaure, ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya haka ba.

"Alhaji, taso! Murhun Yaya ya yi sanyi, kaza ta yi wanka cikin tokar! Tun ran Alhamis ba ta sa komi bakinta ba sai ruwa. Tana nan kwance, ko tashi ba ta iyawa!"

Baba ƙarami ya fito ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba sai ranar. Bai yi dariya ba, bai ce Metir ba, ya bi lungu da gudu-gudu, tumbinsa yana gaba. Na bi shi, na bar kundin a kan tabarma.

Mun same ta a kan tabarmar ƙofar ɗaki, ta juya fuska ga bango. Awaki suna ta kuka, amma akwai ruwa da dusa a gabansu, su ba ta bar su da yunwa ba. Leɓunanta sun bushe sun tsage. Mace mai shekara sittin da wani abu, a wannan zafi. Ba ta yi sanarwa ba, ba ta tara jama'a ba, ba wanda ta ɗaura wa komai. Ɗanta yana ƙofar wani da yunwa, kunya ta hana ta zuwa ta ce masa ya taso, abinci kuma ya ƙi wuce mata wuya. Iyakar abin ke nan.

Baba ya durƙusa a gefenta. "Yaya. Yaya, mi ya yi zahi haka? Don Allah ki sha wani abu."

Hajiya ta hura wuta ta dama kunu nan da nan, ta tallafo kanta ta kai mata ludayi. Inna ta kauda baki. Da ƙyar muka ji abin da ta ce, kuma bango ta gaya wa.

"Wancan ya ci?"

Hajiya ta ɗago ta dube ni. Na dubi ƙasa. Da ƙasar ta tsage a lokacin da na gode mata. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa, cewa na ci, tun daren farko nake ci, amma bakina ya ƙi buɗuwa, kuma ba yunwa ce ta rufe shi ba.

"Yanzu za shi ci, Yaya," in ji Hajiya. "Ga shi nan, ki saurara."

Ta miƙo mini kwanon. Na tsuguna a bayan mahaifiyata na sha kunun nan, a kan furar da na sha da azahar, ina haɗiya da ƙarfi don ta ji. Sai da na kai rabi sannan ta buɗe baki aka ba ta ludayi ɗaya, ta huta, aka ba ta na biyu. Na yi kuka, aka ɗauka na wahala ne.

Bayan kwana biyu ruwan shuka ya sauka. Da sassafe Baba ƙarami ya aiko in same shi a gona da hauya. Ya tsaya a gindin gawon, ya auna taku bakwai zuwa ɓangarensa ba tare da ya yi kuskuren ko ɗaya ba, wato dai iska ta san lissafi. Ya nuna mini layin gamba ya ce in tone. Ni na tone ta gindi-gindi, ni na ɗauka, ni na dasa, shi yana tsaye da carbi. Kafin rana ta take tafin hannuna ya yi ƙuraje ya fashe. Da na gama ya matso kusa.

"Metir, hurar da ka sha kwana ukku, geron wa a ka damawa?"

Na saki hauyar ta faɗi.

"Nawa ne. Ni na ce a ƙara maka nono. Kada ka taɓa zaton don kai na maida gambag ga." Ya dubi gawon. "Matar yayana ce ta kusa mutuwa ina cin ƙosai. Tahi ka gaya ma Nasarunka."

Bai tona ni ba, Hajiya ma haka, don tonona tonon kansu ne. Gari kuwa ya yanke hukuncinsa. Metir ya yi kwana uku ba ci, ya durƙusar da Alhaji da dokar Turawa. Murmushin gefen baki ya ragu. Har wani ya zo daga ƙauye yana tambaya ko zan je in yi masa irin wannan zama a ƙofar wanda ya toshe masa hanyar rijiya, na ce ina da uzuri. Amma labarin ban ƙi shi ba. Na riƙa ba da shi a fada, ina gyara masa fuska, kwana uku suka zama huɗu, har na fara jin yunwar da ban yi ba.

Da rani ya zagayo, mazajen ƙannena suka zo gaisuwa, na zaunar da su a tsakar gida na ba su labarin tun daga alƙalan Irlandi har zuwa yadda idona ya riƙa ganin duhu-duhu a rana ta huɗu. Inna tana gefe tana ba awaki ruwa. Da baƙin suka fita sallah, sai na ji tana magana da jar akuyarta, wadda ta fi so.

"Shekara biyu na shayar da wancan. Na san haɗiyarshi in shina jin yunwa. Ran da anka ba shi kunu bayana, ba ita na ji ba."

Na tsaya da tabarma a hannu, ina jiran abin da ya cancance ni. Ta shafa wuyan akuyar.

"Sai na ji sanyi cikin raina. Na ce alhamdu lillahi, ashe Hajiya ta yi hankali, ba a bar mini shi da yunwa ba."

Ba ta ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta. Ta ɗauko buhun nan daga kan danga, ta miƙo shi ta baya ba tare da ta juyo ba, ta ce wa akuyar a faɗa wa wancan gawo ya zuba, kada awakin mutane su riga shi.